Yadda Ake Aiki da Ƙaramin Injin Zarto Mai Teburi: Miƙaƙƙen Yanka da Yatsu Goma Cif

Ƙaramin injin zarto mai teburi, irin wanda mutum biyu za su cicciɓa su ɗora a bayan a-kori-kura, ya sauƙaƙa wa kafinta aiki ba kaɗan ba. A nan Kaduna, wanda ya karɓi aikin kabad ɗin kicin a Barnawa, ko wadirof a sababbin gidajen Millennium City, ba sai ya yi ta kai-komo zuwa Panteka don a rage masa rabin inci a jikin allo ba. Zai kai injin wurin aiki, ya auna bango, ya yanka, ya gwada nan take. Sai dai ƙanƙantar jikinsa tana sa a raina shi. Faifai mai faɗin inci 10 da ke juyi 4,000 a minti, haƙoransa na gudun kusan kilomita 190 ne a awa. Idan haƙora 40 gare shi, fiye da haƙori 2,600 ke wucewa a kowace daƙiƙa. Kafin mutum ya ji zafi ya fizge hannu, ɗaruruwansu sun riga sun wuce ta wurin. A Amurka, inda ake tattara alƙaluman asibiti, hukumar CPSC mai kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan wannan inji ke yanka duk shekara, kuma wajen 4,000 daga ciki suna rasa yatsa.

Saitin da ke ba ka miƙaƙƙen yanka shi ne dai saitin da ke tsare maka hannu. Injin da ke ƙona gefen katako, ko yake ba ka allo mai faɗi a gaba da tsukewa a baya, shi ne wanda ke shirin harbinka. A kan wannan na gina duk matakan da ke tafe.

Ka fara sanin yadda inji ke harbi

Yawancin mutane suna zaton wanda ya yanke yatsa shi ya kai hannunsa kan faifai da ganganci. Sau da yawa katako ne ya kai masa hannun. Tsaya a gaban injin a kashe ka juya faifan da hannu, za ka ga haƙoran da ke ɓangarenka suna gangarawa ƙasa, suna danne katako a kan teburi. Su ne masu yanka. Haƙoran baya kuwa sama suke tasowa daga cikin teburin, kuma ba su da wani aiki a yankan. Matuƙar katako yana wucewa ɗoɗar, suna bi ta cikin tsagin da na gaba suka buɗe ba tare da sun taɓa komai ba. Amma da zarar tsagin ya rufe ya matse faifan, ko katakon ya ɗan karkace ya goge su, sai su cafe shi, su ɗaga shi, su cillo shi ta wajenka da irin gudun nan da muka lissafa. Idan ya same ka a ciki ko a haƙarƙari, wannan ɗaya ke nan. Idan kuma hannunka na danne a kansa, katakon zai fice daga ƙarƙashin tafinka, hannun ya faɗa inda katakon yake, wato kan faifai.

Maganin wannan wani siririn ƙarfe ne mai siffar lauje da ke tsaye dab da bayan faifan, yana hawa da sauka tare da shi. Wuƙar baya ke nan. Tana shiga cikin tsagin ta hana shi rufewa, tana kuma tare katako kada ya kai ga haƙoran da ke tasowa. Abin da ke damuna shi ne, a shaguna da dama ita ce abu na farko da ake kwancewa a jefa cikin kwali ranar da aka sayo inji, ita da murfin roba na saman faifai, wai suna tare gani. Idan wuƙar tana riƙe maka katako, ba ta daidaitu da faifan ba ne, ko kuma ka sa faifan da ya fi ta siranta. Gyara ake yi mata. Ni dai ba zan kunna injin da ba ta jikinsa ba, ko na wane ne.

Wajen saye da wajen wuta

In na hannu za ka saya, fara duba ɗan allon bayanin da ke manne a jikinsa. Wutarmu 230V ce, 50Hz. Injin tokumbo da ya fito daga Amurka ko Kanada galibi 120V ne, ka jona shi kai tsaye ya ƙone nan take. Sai da taransifoma mai rage wuta, kuma babba, ba irin ta rediyo ba. Ramin tsakiyar faifai ma ya bambanta: injinan Turai yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuwa 5/8 na inci, kusan milimita 16. Ka san naka kafin ka je sayen faifai. Kada ka biya kuɗi sai ka ga wuƙar baya, da murfi, da shinge, wato dogon ƙarfen da katako ke jingina da shi. Kulle shingen ka girgiza ƙarshensa na baya da hannu. In yana rawa, bar musu kayansu.

Akwai gwaji ɗaya da ya fi mana muhimmanci fiye da Turawan da suka ƙera injin, saboda yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa. Sauke faifan ƙasa, kunna injin, zare filogi, ka jira ya tsaya, sannan ka mayar da filogin. Inji mai makunni na kirki ba zai tashi ba sai an sake danna koren maɓalli. In ya tashi da kansa, to ka san cewa duk ranar da wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka, ka manta ba ka kashe ba, zai tashi ne lokacin da wani ke share teburin da hannu. Mai gyaran wuta zai iya sa maka makunnin maganaɗisu mai sakin kansa, kuɗinsa bai kai na faifai mai kyau ba.

Irin waɗannan injina suna cin wat 1,500 zuwa 2,000, kuma a lokacin tashi suna jan ninkin haka. Ƙaramin janaretan caji da fanka ba zai ɗauka ba. Nemi mai 3.5kVA ko sama. Wayar jona wuta ta zama mai kaurin 2.5mm², mai layi uku har da na ƙasa, a warware ta duka daga kan abin naɗinta don kada ta yi zafi. Siririyar waya mai tsawo tana rage wa motar injin, wato abin da ke juya faifai, ƙarfi, faifai ya riƙa nauyi a cikin katako, kuma faifan da ya rage gudu ya fi saurin cafkewa. Janareta kuma a waje, nesa da taga. A gidan da ba a gama ba mutane kan shigo da shi falo don tsoron ɓarayi, alhali hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa.

Wurin kafa shi da shigar mai aiki

Rashin nauyi shi ne raunin wannan inji. Falanki mai ƙafa 12 zai iya ɗaga shi ko ya ture shi. Kafa shi a daɓe mai shimfiɗe, ka ɗaure shi da noti a kan ƙafafunsa ko a kan benci mai ƙarfi, ka tura shi ta kowane gefe ka ji. A bayansa ka ajiye wani teburi da zai karɓi katakon da ke fita, tsayinsa ya yi daidai da na injin ko ya gaza da ɗan kaɗan, kada ya fi shi. A bayanka kai kuma kada a samu kowa: ba mai jiran kaya, ba yaran unguwa masu kallo, ba ƙofar da ake shige da fice. Layin nan shi ne hanyar katako in ya harbo. Share dusar katako daga inda za ka taka, domin a kan tayil santsi gare ta.

Kaftani da jallabiya ba kayan wannan aiki ba ne. Riga mai gajeren hannu, ko a naɗe hannun ya wuce gwiwar hannu. A cire agogo da zobe, carbi ya koma aljihu. Safar hannu da ke kare ka wajen ɗaukar katako, wajen yanka abokiyar gaba ce, don haƙori ɗaya in ya kama zarenta zai ja hannun gaba ɗaya. Takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Tabarau na kariya dole ne, har ga mai riƙe maka katako. Kunne kuwa shi aka fi yi wa sakaci, saboda ba ya jini. Ƙarar injin tana kaiwa wajen desibel 100, wato awon ƙarfin ƙara, in yana cikin katako. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin gida biyu, ke nan a desibel 100 minti 15 kacal ya rage. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da Cibiyar Ido ta Ƙasa duk a nan Kaduna suke, amma jijiyar ji in ta mutu ba mai dawo da ita. Toshiyar kunne ta soso ba ta da tsada. Sai takunkumi mai tace ƙura, irin N95. Tun 1995 hukumar IARC, reshen binciken sankara na Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta hanci. Ƙurar iroko tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata, ta MDF kuma, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, gauraye take da gam.

Saiti, filogi a zare

Kashe makunni bai isa ba. Zare filogin, ka ajiye shi inda idonka ke ganinsa.

Zaɓi faifai gwargwadon aiki. Mai haƙora 24 na tsaga ne, wato bin tsawon katako, domin manyan ramukan da ke tsakanin haƙoransa suna kwashe dusa da sauri. Mai 60 zuwa 80 na datsa ne, da filawud da MDF mai rufin fomaika. Mai 40 yana yin duka biyun daidai gwargwado, kuma in ɗaya kawai za ka iya saya, shi ne. Wanda ya tsaga maɗaci mai kaurin inci 2 da faifai mai haƙora 80 zai sha hayaƙi ya wahalar da mota. Duba faifan a haske: in ya tsage, ko haƙori ya fita, ko ya bauɗe, ya gama aiki. Dole adadin juyin da aka rubuta a jikinsa ya fi na injin yawa. Kada a taɓa ɗaura masa faifan giranda. Wajen ɗaurawa, haƙoran sama su fuskanto ka. Notin yana kwancewa ne ta inda faifan ke juyawa, ke nan ka jawo sufana ta wajenka don kwancewa, ka tura don ɗaurewa, ba tare da ka hau kansa da ƙarfin tsiya ba.

Yanzu sai daidaito, wanda a kansa komai ya rataya. A kan teburin akwai miƙaƙƙen kwarmi da ke bin tsawonsa, shi ne alƙali. Ɗaga faifan har ƙarshe, ka sa wa haƙori ɗaya alama da alƙalamin maka. Kawo shi gaba, ka auna daga shi zuwa bakin kwarmin. Juya wannan haƙori dai zuwa baya, ka sake aunawa. Awo biyun su zo ɗaya, ko bambancinsu kada ya wuce kaurin takarda biyu. In ya wuce, akwai notocin da ke riƙe da motar a ƙarƙashin teburi, a sassauta a gyara. Daga nan kawo shingen bakin kwarmin ka kulle, ka shafa da yatsa a gaba da baya. Ya tafi daidai da kwarmin. In ma zai kauce, ya buɗe a baya da abin da bai kai rabin milimita ba. Shingen da ya tsuke a baya yana tura katako ne kai tsaye cikin haƙoran da ke tasowa. Injin da ke yawo a bayan mota kan hanyoyinmu yana sakin saiti, don haka a maimaita wannan awo duk sanda aka sauke shi a sabon wuri.

Ɗora sukwaya a kan teburi ka jingina ta da jikin faifan, tsakanin haƙora, ka tabbatar da digiri 90. Kada ka amince da ɗan allurar da ke gaban injin sai ka gwada. Wuƙar baya ta tsaya a layi ɗaya da faifan, ratar da ke tsakaninta da haƙora milimita 3 zuwa 8, kaurinta kuma ya fi jikin faifan amma ya gaza faɗin tsagin da haƙoran ke buɗewa. A ƙarshe sauke faifan har ya zama haƙori ɗaya ne kawai ya leƙo saman katakon, kamar milimita 5 ko 6. Mayar da murfi.

Katakon da za a ba inji

Ba kowane katako ne ya cancanci hawa teburin ba. Yana buƙatar fuska ɗaya shimfiɗaɗɗiya da za ta kwanta, da gefe ɗaya miƙaƙƙe da zai bi shinge. Ɗaga falankin ka hango shi daga ƙarshe da ido ɗaya. Wanda ya murɗe, yana rawa in an ajiye shi, a datsa shi gajeru a goge shi tukuna. Wanda gefensa kawai ya kantare akwai dabara: ɗaure shi da sukurori a kan miƙaƙƙen sililin filawud, filawud ɗin ya bi shinge, faifai ya gyara gefen falankin. Daga nan sai a kwance a juya.

Yanayin garin nan yana da hannu a lamarin. Daga Mayu zuwa Oktoba katako yana shan danshi, da hunturu kuma ya bushe har ya tsattsage. Malaina da aka kawo ɗanye, wadda in ka taɓa za ka ji sanyi kuma dusarta na dunƙulewa a hannu, ita ce gwanar matse faifai, don tana motsi tun ana cikin tsaga ta. In aikin ƙofa ne ko kujera, jera ta a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska ta ratsa ta. Katakon da aka ciro daga dekin gini kuwa sai an bi shi a hankali: ƙusa ɗaya da ta karye a ciki za ta ɓalle haƙorin faifai ta cillo shi, busasshen siminti kuma yana dakushe faifai cikin 'yan mintoci. Kankare shi, ka bi shi da maganaɗisu. Ƙullin reshe da ke girgiɗi a fitar da shi da guduma kafin yanka.

Tsaga

Auna daga shinge zuwa haƙorin da ya fi kusa da shi, ka kulle. Ka tuna faifai yana cinye kimanin milimita 3 a kowane yanka, wanda ya manta da wannan a lissafi sililinsa na ƙarshe zai gaza. Ajiye sandar turi a kan shingen inda hannun dama zai same ta ba lalube. Da guntun filawud ake yin ta, tsawonta ya kai santimita 45, da ɗan baki a ƙarshe mai kama gindin katako. Wadda ta fi ita ce mai doguwar tafi, wadda ke danne katakon ƙasa tana tura shi gaba lokaci guda.

Tsaya ta hagun layin faifai, ba a saitinsa ba, ƙafar hagu a gaba. Kunna injin katako bai taɓa faifai ba, ka saurara har ƙararsa ta daidaita. Hannun dama na turawa daga baya. Hannun hagu na danna katakon jikin shinge, a gaban faifai, kuma a wuri ɗaya yake zama, katakon ne ke zamewa a ƙarƙashinsa. Ba ya bin katakon, ba ya kuma dannawa a gefen faifai ko bayansa, don hakan rufe tsagin yake yi. Idonka ya fi zama a inda katako ya haɗu da shinge. Muddin ba ka ga haske a tsakaninsu ba, yankan na tafiya daidai. Tura da gudu ɗaya, kunnenka na bin motar: in muryarta ta yi ƙasa ka sassauta, in ka ji ƙauri ka cika jinkiri ko faifan ya dakushe. Da ya rage kamar santimita 30, janye hannun hagu gaba ɗaya, ɗauki sanda, ka tura ɓangaren da ke tsakanin shinge da faifai har ya wuce wuƙar baya. Kashe injin. Jira faifan ya tsaya cik kafin ka ɗauki komai, ko ƙaramin guntun da ke rawa kusa da shi.

Yaron da ke tsaye a bayan injin yana tallafe katako yana buƙatar bayani tun kafin a kunna, don in inji ya tashi ba a jin magana. Na ga maigidan da kullum yake faɗa wa nasa abu ɗaya: "Kai, tallafe kawai. Kar ka ja, kar ka matse bakin. Ni ke tuƙi." Gaskiyarsa. Yaro mai son ya burge yakan fizgi falanki don a gama da wuri, sai hannun mai turawa ya zarce gaba. Ya tsaya nesa da faifan da abin da ya fi mita ɗaya, tafukansa a buɗe a ƙarƙashin katakon.

In katako ya cije a tsakiya, ko wuta ta ɗauke, kada ka ja shi baya. Riƙe shi daram da hannu ɗaya, ka kashe makunni da ɗayan ko da gwiwa, faifai ya tsaya, sannan ka zare. Siraran silili kuma, waɗanda ba su kai inci 2 ba, gara a yanko su ta wajen faifai: babban ɓangaren ya zauna tsakanin shinge da faifai, siririn ya faɗi ta hagu, a matso da shinge bayan kowane yanka.

Datsa, da ƙananan guntaye

Datsa ba da shinge ake yin ta ba. Akwai matokari mai awon kwana da ke zamewa cikin kwarmin teburi, shi ke kai katako. Ɗaura masa miƙaƙƙen katako a fuska don ya ƙara faɗi. Babban kuskure shi ne a haɗa matokarin da shinge a yanka ɗaya don a samu guntaye masu tsawo ɗaya. Guntun da ya yanke zai maƙale tsakanin faifai da shinge, ba mai riƙe da shi, ya juya ya harbo. In kana son tsawo ɗaya, matse ɗan toshen katako a jikin shingen can gaba, kafin a kai ga faifai. Katako ya taɓa toshen ya ɗauki awo, ya rabu da shi kafin ya shiga yanka, guntun ya samu sararin faɗuwa. Haka nan kada ka jingina gajeren gefe da shinge alhali dogon gefen ya miƙo waje. Yanka da hannu zalla, ana bin layin fensir ba shinge ba matokari, ba ya cikin aikin wannan inji ko kaɗan, komai ƙwarewar mai yi.

Za a zo maka da guntu kamar tafin hannu a ce, "Malam, don Allah ɗan rage mini wannan, faɗin yatsa kawai." Kunya ce ke sa a kunna inji a irin wannan. Amsar ita ce, "Alhaji, wannan na zarton hannu ne, ba ni minti biyu." Duk abin da bai kai santimita 30 ba ba a tsaga shi a kan teburi.

Cikakken filawud ko MDF mai ƙafa 4 da 8 ya fi ƙarfin ƙaramin teburi. Shimfiɗa shi a ƙasa a kan 'yan katakai, ka rarraba shi da zarton lantarki na hannu ka bar rarar santimita ɗaya, sannan ka kawo kowane yanki teburi a gyara shi zuwa awo. Kyakkyawar fuskar ta kalli sama, domin ta ƙasa ce haƙora ke fita suna ɓantara. Wajen yin kwarmin da bai ɓulla ba, irin na zura bayan kabad, dole murfi ya fita. A injinan zamani wuƙar baya tana sauka ƙasa da saman faifai ta ci gaba da aikinta. Yi amfani da katakon dannawa mai mariƙi, kuma da an gama a mayar da murfin kafin yanka na gaba.

Akwai injin da ke tsayar da faifai in ya taɓa fata. Wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro fasahar a 1999, ana sayar da ita da sunan SawStop, tana tsayar da faifai cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Tsada gare ta, ɗanyen katako yana iya tayar da birkin, kuma ba ta hana harbi. Ko mai ita yana buƙatar wuƙar baya.

In tsautsayi ya auku

A kashe inji, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji. Ban da bakin mai, ban da fetur, ban da toka ko dusa. In yatsa ya fita, a naɗe shi da tsabtataccen bandeji mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. A wuce babban asibiti nan take, irin Barau Dikko ko Asibitin 44, ba kemis ba, a kuma yi maganar allurar tetanus. Wanda katako ya daka a ciki shi ma a duba shi ko da bai yi jini ba. Akwatin bandeji ya riƙa tafiya tare da injin duk inda za shi.

Gajiya ma a sa ta a lissafi. Manyan yanka a yi su da safe, musamman da azumi, a bar haɗawa da goge-goge zuwa la'asar. Wanda ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi kada ya kusanci makunni, ko shi ne ya fi kowa iyawa a shagon. Sabon ɗan koyo kuma ya fara da share-share da tallafe, sannan saiti da filogi a zare, sannan tsaga faffaɗan allo maigida na tsaye a gefensa.

In an tashi aiki, zare filogi, sauke faifai ƙasan teburi, a buɗe ƙasan injin a kwashe dusar da ta taru wajen mota da haƙoran ɗagawa. Ƙaron da ke manne wa faifai yana sa shi ƙona katako kamar ya dakushe, jiƙa shi cikin ruwan sabulu mai ɗumi, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka busar sosai don tsatsa. Goga kyandir a kan teburi da fuskar shinge don katako ya riƙa zamewa, ban da mai, yana hana fenti da banish kamawa. In ka fara ganin tartsatsi da yawa ta ramukan motar, ko injin na yankewa yana dawowa, gawayin motar ne, wato 'yan guntayen nan biyu masu kai mata wuta, ya cinye. A canza guda biyun tare, da irin lambarsu. Dusar MDF da ta katako mai fenti kuma a ware ta daban, kada ta shiga buhun da ake sayar wa masu kiwon kaji.